Ƙafar da ke Ƙarƙashin Bargo

Ina wurin ranar da romo ya zuba wa Suyin a ƙafa. Ba labari aka ba ni ba. Na kai tukunyar gas shagon taliyar Mo Dagui da sassafe a kekena mai inji da ƙafa uku, ina durƙushe ina ɗaura masa tiyo, yarinyar ta rungumo tukunyar romo za ta sauke daga murhu. Tukunya ce da ni kaina sai na sa hannu biyu. Ta suɓuce mata. Romon ya bi ta bakin takalmin robarta na dama ya taru a ciki.

Ba ta yi ihu nan take ba. Sai da ta dubi baffanta Dagui tukun.

"Wayyo romona!" in ji Pan, matar Dagui. "Ƙashin da na dafa tun jiya! Ke wace irin asararriya ce?"

Na fizge takalmin. Safa ta fito da fata a jikinta.

"Dagui, ɗauko ta," na ce. "Kekena na waje. Asibiti."

"Tsoho Geng, kai da ruɗewa. Yanzu 'yan makaranta za su cika wurin nan, wa zai sallame su?" Ya naɗe hannun riga ya nuna min tabo. "Ka taɓa ganin mai taliyar da bai ƙone ba? Wannan uwata da man goge baki ta warkar min da shi."

Pan ta lafta wa ƙafar man goge baki, ta barbaɗa tokar turare, ta ɗaure da tsumma. Aka tura ƙafar cikin takalmi, aka rataya mata jaka, ta tsallaka titi zuwa makaranta tana dafa bango.

Shekarar Suyin tara. 'Yar ƙanin Dagui ce, wanda ya faɗo daga bene a wurin gini ya mutu. Uwarta Hongju na aiki a masana'antar takalma a can birnin Dongguan mai nisa, sai Sabuwar Shekara take zuwa gida, duk wata kuma tana turo wa Dagui kuɗin riƙo. Ajin Suyin ɗaya da autana Taotao, aji uku, wurin Malama Fu.

Ajin na da guruf a waya, kuma Malama Fu ba ta wasa da shi. Da safe hoton yara suna karatu. Da rana hoton abin da suka ci, har kwanon miya sai ta ɗauka. Bayan nan hoton kawuna a kife kan tebura ana barcin rana. Da yamma aikin gida, da abin da za a kawo gobe: almakashi, busasshen ganye, kwalbar roba. Duk saƙon da ya shigo dole a rubuta "An samu." Wanda ya makara ta kira sunan ɗansa a gaban kowa. Ni da na bar makaranta tun ina ƙarami, babu abin da na iya rubutawa da sauri kamar kalmomin nan biyu. Sannan kullum kowane yaro sai ya yi tsallen igiya na minti ɗaya, a ɗauki bidiyo a tura.

Dokar guruf ɗin ita ce lamba ɗaya ga kowane yaro. Da farko lambar Hongju ce a ciki. To a masana'antarsu ana kulle wayoyi a akwati daga shiga har tashi, "An samu" ɗinta kullum ita ce ta ƙarshe. Malama Fu ta yi ƙorafi har ta gaji. Dagui ya ce a cire ta a sa tasa, shi zai riƙa tura wa uwar komai. Hongju har godiya ta yi masa. Daga ranar, abin da Dagui ya zaɓa shi kaɗai take sani game da 'yarta.

Bidiyon tsallen ma ya yi masa dabara. Wata Lahadi kafin sanyi ya shigo, na same shi a bayan shago yana ɗaukar Suyin. Ta yi minti ɗaya, a canza mata riga, ta sake. Har ta fara layi tana haki.

"Na tara na wata biyu," ya ce min yana washe baki. "Ni da tukwane a kan wuta, kullum zan tsaya ɗaukar fim?"

Shi ya sa da yammar ranar da ta ƙone, Suyin ta bayyana a guruf tana tsalle da ƙafa biyu lafiyayyu. Washegari ma haka.

A ƙarshen makon Taotao ya ce min, "Baba, Suyin ba ta fita motsa jiki. Kuma yara sun ce tana wari, an janye tebur daga kusa da ita."

Malama Fu ta lura. Ta rubuta a guruf cewa Suyin na ɗingishi, waliyyinta ya duba. Kafin in gama haɗa baƙaƙen, Dagui ya amsa: "An samu, Malama. Fason sanyi ne, muna shafa magani. Mun gode da kulawa." Ya jera hotunan furanni a ƙarshe. Malama ta mayar masa da babban yatsa.

Na koma shagon da rana tsaka. Suyin na kan ƙaramar kujera a bayan shago tana wanke kwanuka a ruwan sanyi, ta ɗora ƙafar kan bulo. Takalmi ya daina shiga, an yanka shi da wuƙa an ɗaure da leda. Ƙafar ta kumbura har ƙauri, tana sheƙi.

"Matar Dagui, kin ga ƙafar nan kuwa?"

"Ina da ido."

"To me kuke jira?"

"Tana tsotsewa. Ruwan da kake gani dafin ne ke fita." Ta ci gaba da yanka albasa. "Ka san asibitin gunduma. Ka shiga da ƙurji su kwantar da kai wata guda. Wa zai zauna da ita? Ni in rufe shago?"

"Ku gaya wa uwarta mana."

Dagui ya fito yana goge hannu. "In gaya mata ta yi me? Ta bar aiki ta taho, a ba wata gurbinta? Mace ce mai raunin zuciya, tun rasuwar ƙanina ba ta da lafiya sosai. Tausayinta nake ji. Kai ba ka san nauyin riƙon marainiya ba. Ci, sha, sutura, kuɗin littafi. Abin da uwar ke turowa ko shinkafarta ba ya saye."

"Shi ya sa take wanke maka kwanuka kyauta?"

"Tarbiyya ce. Mu da me muka girma? Je ka sayar da gas ɗinka, Tsoho Geng. 'Yar gidan Mo ce, ba ta gidan Geng ba."

Na je wurin shugaban unguwa. Na same shi da kwanon taliyar Dagui a gabansa. Ya ce maganar cikin gida ce, zai yi masa magana cikin hikima. Ban sake jin komai ba.

Ran nan da yamma, Malama Fu ta turo sanarwar gasar zane, iyaye na ta jera "An samu," ni kuma na danna wurin ɗaukar murya na yi magana. Na ce, "Malama, ba faso ba ne. Romo ne ya ƙona yarinyar, a gabana. Bidiyon tsallen nan tsofaffi ne. Ƙafar na ruɓewa."

Guruf ya yi tsit. Ba a jima ba saƙon ya ɓace, Malama ta goge shi. Sai ga kiranta.

"Baban Taotao, guruf na sanarwa ne. Iyaye hamsin ne a ciki. In kowa zai riƙa zargin maƙwabcinsa a nan, ya zan yi?" Muryarta a dushe take, ina jin jaririnta na kuka a bayanta. "Na kira baffanta. Ya ce ƙuna ce ƙarama, ta haɗu da faso, an kai ta wurin mai magani. Bidiyon kuma ya ba ni haƙuri. Na yafe mata tsalle har ta warke."

"Ki cire tsumman ki gani da idonki."

"Gobe ba za ta zo ba, ya nemar mata hutun mura. Amma zan kai ziyarar gida. Dama tana cikin waɗanda zan ziyarta wannan zangon."

Matata ta tsaya a kaina da ludayi. "Kai dai bakinka sai ya ja mana. Ka kunyata malamar ɗanka a gaban jama'a! Gobe a mayar da Taotao kujerar baya kusa da kwandon shara, ka ji daɗi?"

Suyin ba ta koma makaranta ba. Ba a kuma ƙara ganinta a bayan shago ba.

Dagui ya daina sayen gas a wurina, amma tukunyata ɗaya na kicin ɗinsu na sama. Na jira lokacin da suke fama da masu cin rana, na bi matakalar baya na ce na zo ɗaukar kayana. Wari ne ya kai ni wurinta. Tana kwance a ɗakin ajiya tsakanin buhunan busasshiyar taliya, an lulluɓe ta da tsohon bargo. Goshinta zafi kamar murfin tukunya.

"Baba Geng," ta ce, "an ba da aikin gida?"

"Bar aikin gida. Kin haddace lambar mamanki?"

"Baffa ya ce in Mama ta ji za ta bar aiki, a kore ta, kuma ni na ja. Ni na zubar da romon."

"Baffanki maƙaryaci ne. Faɗa min."

Ta faɗa a hankali, ina dannawa. Na ɗaga gefen bargon. Yatsu biyu sun yi baƙi. Na sa hannu zan ɗauke ta, ta riƙe buhu gam.

"Kar ka kai ni. Zai ce na kai ƙara. Mama za ta kira ran Lahadi, Gwaggo Pan ta ce in na yi murmushi za ta ba ni lemo."

Takun Pan ya taso daga ƙasa. Na saɓa tukunyata na sauka.

Na jira lokacin tashinsu daga aiki na kira Hongju. Ta ɗauka a kira na uku.

"Maman Suyin? Geng ne, mai gas, na layin makaranta. 'Yarki ta ƙone a ƙafa, ƙafar ta ruɓe, dole a kai ta asibiti. Ki taho."

Sai ta ce, "Nawa zan turo?"

"Me?"

"Na ce nawa zan turo, kuma wane asusu? Ai nan za ka ƙare. Ba ku jin kunya? Da 'yar marainiya za ku ci abinci?"

Ashe a farkon zango Malama Fu ta turo wata doguwar sanarwa: 'yan damfara na kiran iyayen da ke aiki a nesa su ce ɗanku ya ji rauni, yana asibiti. Kada a yarda da kowa, kada a tura komai, a tuntuɓi waliyyin da ke cikin guruf. Sanarwa ce mai kyau, an cuci mutane da yawa ta wannan hanya. Ita kam Dagui bai manta ya tura wa Hongju ba.

"Ba kuɗi nake nema ba! Ni ne Geng, matata ta taɓa sayar miki da ƙwai!"

"Duk kun san irin wannan. Sunayenmu ma sayensu kuke yi."

Ta kashe. Na sake kira, ta toshe lambar. Daga baya ta gaya min da bakinta cewa jikinta bai ba ta ba, nan take ta kira Dagui. Ya yi dariya, ya ce Suyin ta yi barci, ya turo mata bidiyon tsalle ya ce na ɗazu ne. Ta kalla sau biyar, ta gode wa Malama Fu a zuciyarta da ta fargar da ita. Ran Lahadi kuma ta ga 'yarta a waya, zaune a teburin jin ɗumi mai bargo har ƙasa, tana murmushi, Dagui na riƙe da wayar. Ta ce ta rame. Ya ce mura ce.

Malama Fu ta cika alkawari, ta zo ziyara wata yamma bayan tashi. Na ajiye kekena a ƙofar shagon na bi bayanta. Dagui ya tare matakala da jikinsa, amma daga inda na tsaya ina hango falon.

An zaunar da Suyin a teburin jin ɗumi, hita a ƙasa, bargo mai kauri ya sauko daga teburin ya rufe ƙafafun kowa. An taje mata kai, an buɗe littafi a gabanta. Pan na soya busasshen barkono a kicin, ƙofa a buɗe, gidan duk ya turnuƙe, kowa na tari, hayaƙin ya danne warin ƙafar.

"Malama, zauna, zauna, sa ƙafa a ciki, yau sanyin ba dama!" in ji Pan. Ta kawo shayi da gyaɗa da lemo.

Malama Fu ta zauna ta ja bargon ta rufe gwiwoyinta. Tsakanin takalminta da ƙafar yarinyar bai kai taku ɗaya ba.

"Malama!" na ɗaga murya. "Ɗaga bargon!"

"Ki yi haƙuri da shi, Malama," in ji Dagui. "Tun da na canza mai kawo min gas yake bina da sharri. Da rana ma yana ɗan kurɓar giya."

Malama ta dube ni, ta dubi bargon. Baƙuwa ce a gidan mutane, ga shayinsu a hannunta, ga dattijo na yi mata murmushi. Yarinya ce ita ma, ba ta fi sa'ar babbar 'yata ba. Ta sunkuya wajen Suyin.

"Suyin, ƙafar na ciwo?"

Suyin ta dubi baffanta. "A'a, Malama."

"An kai ki wurin likita?"

"E, Malama."

"Yawwa. Ki warke da wuri, jarrabawa ta kusa."

Ta miƙa wa Pan wayarta ta ɗauke su hoto, don ofis sai da hoto yake yarda an yi ziyara. Da ta zo wucewa ta gabana ba ta ɗago kai ba. Kafin in isa gida hoton ya shiga guruf: an ziyarci Suyin, tana samun sauƙi, tana gaida 'yan ajinsu. Iyaye suka yi ta turo furanni. Wata ta rubuta cewa ba kowane baffa ne zai riƙe marainiya haka ba.

Matata ta karɓi wayar ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ta daɗe tana kallo.

"Dubi leɓenta," ta ce. "Haka na ƙanena ya yi kafin ya tafi. Kai tsoho, yarinyar nan mutuwa za ta yi."

"Ba ke kika ce in rufe bakina ba?"

"Yanzu na ce ka buɗe. Ƙanwata na Dongguan. Zan sa ta je ƙofar masana'antar ta tsaya har Hongju ta fito. Ta ga fuskar da ta sani. Kai kuma ka san abin da za ka yi."

Da safe, lokacin da layin 'yan makaranta ya kai titi, Dagui na zuba romo, Pan na karɓar kuɗi, na bi matakalar baya. Wannan karon Suyin ba ta riƙe buhu ba. Ba ta ma gane ni ba. Na naɗe ta da bargon na saɓa ta kamar tukunyar gas, ba ta ko kai nauyin wadda ba komai a ciki ba. Ina kwantar da ita a bayan keke Dagui ya fito da ludayi.

"Ɓarawon yara! Jama'a ku tare shi! Zan kira 'yan sanda!"

"Kira su," na ce. "Ka ce su same ni a asibitin gunduma."

Na yaye bargon daga ƙafar a gaban layin. Wata mata ta saki kwanonta. Babu wanda ya tare ni.

Likitan da ya warware tsumman ya juyo kaina kamar zai mare ni. "Kai ne uban? Me kuke jira har yanzu? Gawa kuke so ku kawo?" Ya ce dafin ya shiga jini, sai an yi aiki yau, kuma sai uwa ta amince. Muka zauna jira har aka tashi cin abincin rana a Dongguan. Ƙanwar matata ta kamo Hongju a bakin ƙofa ta sa mata waya a fuska. Likita ya juya tawa wayar ya nuna mata ƙafar. Ihun da ta yi sai da masu jinya suka leƙo daga wasu ɗakuna.

An yanke ƙafar daga saman idon sawu.

Hongju ta iso washegari da kayan aiki a jikinta. Malama Fu ta zo da kwandon 'ya'yan itace da katin da yara suka zana, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, ta ce daga yau an sa lambar Hongju a guruf, Suyin kaɗai aka yarda mata lamba biyu. Hongju ta gyaɗa kai kawai.

Da aka kusa sallama dangin Mo suka yi zama a gidan Kaka na Uku, babban dattijonsu. An kira ni a matsayin shaida, aka ba ni kujera kusa da ƙofa.

"Ni ban yi da mugunta ba," in ji Dagui, kansa a ƙasa. "Wa ya san ƙuna na kai haka? Na ɓoye miki ne don kar hankalinki ya tashi. Malamarta ma ta zo har gida ba ta ga komai ba, ni da ban yi karatu ba zan gani?"

"Yarinyar ma da laifinta," in ji Pan. "Kullum ka tambaye ta sai ta ce ba ciwo."

"Babban Yaya," in ji Hongju, tana duban Dagui, "bidiyon da ka turo min fa?"

Kaka na Uku ya buga sandarsa a ƙasa.

"Abin da ya faru ya faru. Ƙafa ba za ta dawo ba. In aka kai Dagui gaban hukuma, shago ya rufe, wa zai sayi ƙafar roba? Ke hutun da aka ba ki ya ƙare. A can ɗakinku ku takwas ne, kuma takardun yarinyar na nan ne, babu makarantar da za ta karɓe ta a can. Dagui ya yi rantsuwa a gaban kakanni. Zai biya asibiti, ba za ta sake taɓa kwano ba. Ta koma gidan baffanta."

"Akwai ɗaki a gidana," na ce.

"Mai gas, mun gode maka. Amma 'yar Mo ba ta kwana a gidan Geng muna raye. Me gari zai ce?"

Hongju ta dubi bango ta daɗe. A ƙarshe ta ce to.

Ranar tafiyarta ni zan kai ta tashar mota. Na tsaya da keke a ƙofar shagon, na ɗora jakarta a baya. An zaunar da Suyin a kujera a bakin shago, sanduna biyu a jingine a gefenta, ƙafar wandon dama an naɗe an soke da fil. A bayanta sabuwar tukunyar romo na tafasa, murfin na rawa.

Hongju ta durƙusa tana gyara mata wuyan riga. "Ki ci abinci. Ki yi karatu. Yanzu ina cikin guruf, kullum zan ga hotonki. Sabuwar Shekara ta kusa."

"Mama."

"Na'am."

"Saboda ƙafar suka bar ki kika zo?"

"E."

Suyin ta juya kai ta dubi tukunyar. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, a natse, kamar mai tambayar aikin gida, "In ɗayar ma ta ƙone, za su sake barin ki?"

Dagui ya yi wata 'yar dariya. "Yara da shirme."

Babu wanda ya taya shi. Hongju na durƙushe, hannunta a wuyan rigar, ba ta motsa ba. Na kashe injin keke.

"Yaya Geng," ta ce ba tare da ta juyo ba, "ɗakin nan yana nan?"

"Yana nan."

Ta juya baya ta goya 'yarta, ta ɗauki sandunan da hannu ɗaya. Pan ta fara cewa Kaka na Uku ya riga ya yanke magana. Hongju ta wuce ta gabanta kamar ba mutum a wurin.

Aikin Dongguan ya tafi. Yanzu Hongju na share kasuwa da asuba, da yamma tana ɗinke takalma a bakin titi. Dangin Mo ba sa gaishe ta, ni ma ba sa gaishe ni, kuma tunda ta ƙi bin maganar dattijo Dagui ya ce babu maganar ƙafar roba. Shagonsa na nan a ƙofar makaranta. Mako biyu aka yi ana ƙauracewa, sannan layi ya dawo, don romonsa ya fi na kowa. Babu wanda ya kwana ko ɗaya a hannun hukuma. Kowa na da amsarsa a shirye: malama ta sanar, waliyyi ya amsa, iyaye sun ga hoto.

Suyin na ɗakin bayanmu. Tana cin abinci, tana aikin gida tare da Taotao, wani lokaci har dariya take yi. Amma duk sanda uwarta ta ɗan daɗe ba ta dawo daga kasuwa ba, sai ta ja sandunanta zuwa ƙofar kicin ta tsaya tana kallon butar ruwan zafi. Matata ta gan ta sau biyu. Ta ɗauke butar ta ɗora can saman kabad, ta sa wa ƙofar kicin kwaɗo, makullin na rataye a wuyanta.